Mai Hoton da Ya Zare Filogi

Zauna, Sagiru, asibitin ba gudu zai yi ba. Kafin ka je gaban likita kana rantse-rantsen ka shanye maganin nan, alhali da idona na ga rabinsa a bayan madubi, bari in ba ka misali.

An yi wani mai ɗaukar hoton biki, yana da shago a bakin kasuwa da wata tsohuwar kwamfuta irin ta kan tebur, wadda ba ta da batir. 'Yan layinsu Injiniya suke ce masa, shi kuma sunan na fasa masa kai ba kaɗan ba. Wata rana ya samo sabuwar manhajar gyaran hoto, ya fara ɗora ta, abin yana tafiya a hankali kamar jan ruwa a rijiya mai zurfi. Ana cikin haka wani babban baƙo ya shigo. Soket ɗaya tal ke shagon, ga shi mutumin naka ba ya iya barin baƙo ya tashi bai sha shayi ba. Ai kuwa ya sa hannu ya zare filogin kwamfutar, ya jona butar lantarki, wai in an gama sha sai aikin ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ina! Da ya sake kunnawa, sabuwar manhajar ta ƙi buɗewa, tsohuwar ma ta ƙi. In ya danna, sai abu ya ɗan juya a allo ya ɓace. Ya sake ɗora ta a kan ta farko, kwamfutar ta ce ai akwai ta. Ya ce to a cire, ta ce ba ta gan ta ba. Kafin la'asar ko wurin da yake ajiye hotuna ya daina buɗewa. A cikin wurin nan kuwa akwai hotunan wani biki da uban amarya ya rasu jim kaɗan bayansa, kuma mai hoton ya riga ya goge katin kyamara ya tafi wani bikin da shi. Dattijon nan bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba sai ranar auren 'yarsa. Ita kuwa amarya kullum sai ta kira, ba ta tambayar hotonta da ango, na babanta kawai take nema.

Ya ɗauki kwamfuta ya shiga zagayen masu gyara. Duk wanda ya tambaye shi me ya faru, sai ya daki ƙirji ya ce haka kawai ta yi, shi bai taɓa komai ba. Injiniya guda zai buɗe baki ya ce butar shayi ce? Da yake bai ba su bakin zaren ba, kowa ya yi ta lalube. Wannan ya ce ƙwayar cuta ce ta shige ta, wancan ya ce zafi ne ya taɓa ta, daga ƙarshe duk bakinsu ya zo ɗaya: sai an wanke ta tas, abin da ke ciki kuma sai haƙuri. Mai gyara na ƙarshe har ya jona abin wankewar, ya ɗora yatsa, sai ya ɗago ya dube shi ya ce, "Malam, in na danna babu dawowa. Tsakaninka da Allah, mene ne abu na ƙarshe da ka yi mata?" A daidai lokacin wayar mai hoton ta yi ƙara, ya duba, amarya ce. Ya sunkuyar da kai ya faɗi komai, har da butar. Mai gyara ya yi dariya, ba ta wulaƙanci ba, ya ce ai da tun farko ya faɗa da bai sha wannan yawon ba. Ya ce manhajar rabinta ne kawai ya shiga, ta tumɓuke wasu abubuwan da sauran ke dogaro da su, ba ta kai ga dasa nata ba wuta ta yanke. Ya tayar da kwamfutar ta wata hanya da ba ta kunna komai sai abin da ya zama dole, ya bi guntayen nan ya kwashe su, ya mayar da ita yadda take kafin ranar shayin, ya kashe ya kunna. Wurin hotuna ya buɗe. Ga dattijo nan cikin babbar riga, ya dafa kan 'yarsa, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

Wallahi, Sagiru, mai hoton nan durƙusawa ya yi a ƙasan shagon yana hamdala, ya riƙe hannun mai gyara ya rasa kalar godiyar da zai yi masa. Da ya kai wa amarya hoton, ta rungume hoton a ƙirji tana kuka tana sa masa albarka, shi da iyayensa da zuriyarsa. Har yau in ya tuna yatsan nan da ke kan maɓalli, sai ya ce Allah ya saka wa mutumin da ya tsaya ya sake tambayarsa.

To kai ma Allah ya haɗa ka da likita mai tambaya, ka gode masa. Tashi ka ɗauko ragowar maganin nan ka sa a aljihu, ka ajiye masa a kan tebur ya gani da idonsa. Hausawa sun riga sun gama magana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.