Allurar Motar Baba Tabarau

"Wallahi ban tuƙa ta ba, allurar man ce ta lalace!" in ji maƙwabcina Baba Tabarau. Ni kuwa ina leƙe ta katanga.

Tun da idonsa ya raunana babban ɗansa ya gindaya masa sharaɗi: in ya sake tuƙa tsohuwar motar nan da ya ɗauko marigayiya matarsa a ciki ranar aurensu, sai an sayar da ita. Ga allura kullum sai ƙasa take yi.

Bakaniken da ɗan ya kira ya cire wayar tanki, ya goga ta a jikin mota, allura ta yi tsalle ta koma sama. Ya leƙa ƙarƙashi, ko ɗigo babu.

"Baba, allura lafiyarta ƙalau. Man ne ke tafiya," in ji bakanike.

"Haba Baba, da girmanka, har da rantsuwa?" Ɗan ya fizge makulli.

Aka tafi da motar, tsoho na bin ta da kuka kamar yaron da aka yaye.

Ni ma sai da na share ƙwalla, jama'a. Yanzu ina zan riƙa zuƙo man injin markaɗena?