Indararon Ɗakin Gilashi

Gida goma sha ɗaya Alwyn Pritchard ya kushe cikin wata huɗu, kuma duk laifinsu ɗaya ne: indararo. Tsohon magini ne da ya yi ritaya, amma idonsa ya ƙi yin ritayar. Da sun isa gida sai ya ɗaga kai sama, ya ja tsaki, ya ce wanda ya yi wannan aikin kamata ya yi a ƙwace masa guduma.

Matarsa Glenys ta gaji har wuya. Sun riga sun sayar da nasu gidan, saura mako uku su tashi. Wannan na goma sha biyun kuwa, a garin Dolgellau na ƙasar Wales yake, layi biyu tsakaninsa da gidan 'yarsu da jikokinsu. A bayansa akwai ɗakin gilashi, inda Glenys ta riga ta hango kanta tana shan shayi a cikin tumatirinta. Tana son gidan, tana kuma tsoron bakin mijinta.

Ga shi rahoton mai duba gini bai taimaka ba. Ya rubuta cewa indararon rufin gilashin bai kai ƙarshe ba, ya tsaya saura kamu biyu ya haɗu da bututu, ruwa yana ta bin bango.

Ranar da za su je ana ta zabga ruwa. Alwyn ya ce kansa na ciwo, ta ce ya sha magani a mota. Bai nemi kwatance ba ya bi ta lungun baya ya ajiye motar, ya janyo hularsa har kan gira.

Mai gidan, Misis Bevan, tsohuwa ce ƙarama mai ido kamar na kaza. Ta yi musu iso. Alwyn ya sunkuya ya wuce gajeriyar ƙofar kicin tun kafin ta ce a yi hankali da kai.

A kusurwar ɗakin gilashin bokiti ne, ruwa na ɗiga a ciki. Glenys ta dubi bokitin. Ta runtse ido tana jiran tsakin.

Tsakin bai zo ba.

Alwyn ya zuba wa takalmansa ido, ya ce a ganinsa aikin ba laifi, an ma yi ƙoƙari. Glenys ta juyo ta dube shi. Shekara arba'in da aure, ba ta taɓa jin ya yabi aikin wani magini ba.

"Alwyn, lafiyarka kuwa? Ruwa fa yake zuba a gabanka."

Ya ce ai ruwan Wales ne, ba rufin da yake iya masa.

Misis Bevan ta kawo shayi, ta zuba wa Alwyn sukari cokali uku ba tare da ta tambaya ba. Ta ce mutum biyar ke neman gidan, amma tun da dillali ya karanto mata sunayen ta ce su Alwyn za ta sayar wa. Daɗi ya kama Glenys har ta ji ƙwalla, ta tambayi dalili.

Tsohuwar ta miƙa wa Alwyn kofinsa.

"Mijinki ya ce min zai dawo ranar Talata da tsani ya ƙarasa indararon nan. Shekara goma sha tara ke nan, sai na ga in ba gidan ya zama nasa ba, Talatar nan ba za ta zo ba."