Buhun Baba Hammadu

Kwana tara ke nan Malama Zubaida tana hango shi ta taga. Kullum da hantsi tsohon zai zo gindin badala, tsohuwar ganuwar birni, a Dukawuya da buhunsa, ya durƙusa a bakin wani tsagi. Ba ya gai da kowa, ba mai gaishe shi. Sunansa ma a bakin mai shayi ta ji: Hammadu, wai baƙo ne.

Abin ya tsaya mata a rai. Haka masu ɗibar jar ƙasa suka cinye rabin ganuwar nan, tana ji tana gani. A rana ta goma ta yafa mayafi, ta kunna kyamarar waya, ta je ta tsaya a kansa.

"Baba, ba ka jin kunya? Abin da kakanni suka gina kake kwashewa a buhu?"

Tsohon ya miƙo mata buhun. Wayam. Sai a lokacin ta dubi tsagin da kyau. An cike shi da tubali, an yaɓe, kuma ƙasar baƙa ce, ba irin ta nan ba.

"Daga ƙauyenmu nake kawowa, 'yata, Garun Kanya," ya ce. "Mu ma muna da ganuwa. Gari ya watse, ni kaɗai na rage. Damina na ta cin ta, ba mai kallo. Shi ne na ce bari in kawo ta inda mutane ke wucewa."

Ya shafa ɗanyen yaɓen da tafin hannunsa.

"Ke ce ta farko da ta tsaya."