Makwancin Ɗan Mahauta

Gawar mijinta na kwance tun hantsi, ita kuwa sai safa da marwa take a matakalar benensu na unguwar Abbasiya. A Alƙahira ɗaki ake haƙawa ƙarƙashin ƙasa a binne dangi tare, kuma wani Alhaji ɗan garinsu da ke zaune a benen yana da ɗaya. Ta roƙe shi wuri.

"Ma'alish, yi haƙuri, baiwar Allah," in ji shi. "Ɗan mahauta ba ya kwana kusa da mahaifina."

Mai gadin benen, wanda rashin aiki ya koro daga kudancin Masar, ya miƙe.

"'Yar'uwa, 'yan ƙauyenmu muna da namu. Kawo shi."

"Ba ka tambayi asalinsa ba," ta ce.

"Leburori ne a ciki. Za su matsa masa, sun saba kwanan cunkoso."