Ƙanƙara da Waya a Kan Yatsan Maiwada

Ƙayar aduwa ce ta shige ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafar Maiwada. Ya yi ta ɗingishi da ita har wurin ya ruru, don babu kowa a gidan da zai matsa masa ya tafi asibiti. Matarsa ta rasu bara. Ɗansa Sharifu kuma yana Libiya.

Sharifu ba shi da waya. Sai ya sami aro yake kira, lambar ba ta fitowa, ba a kuma iya mayar da kiran. Tun kafin damina Maiwada bai ji muryarsa ba, bai san ko yana raye ba. Shi ya sa ko alwala zai yi, wayarsa tana kan turmi kusa da shi.

Da ciwon ya hana shi taka ƙasa, ya hau amalanken maƙwabci daga Guci zuwa wani ƙaramin asibiti a Dungas. Malama Yakura, ma'aikaciyar jinyar wurin, ta ce sai an cire farcen, kuma sai an fara yi masa allurar kashe zafi a gindinsa. Dattijon da kunama ba ta sa shi ƙara, sai ga shi yana gumi saboda ɗan siririn ƙarfe.

Yakura ta yi dariya ta ce tana da dabara. Za ta ɗora ƙanƙara har yatsan ya yi sanyi, sannan ta kifa wayarsa a kan ƙafar, ta kira shi da tata. Sanyi da girgiza suna ɗauke hankalin jijiya, allura ta wuce ba a sani ba.

Ya daɗe yana jujjuya wayar kafin ya miƙa.

Bayan ƙanƙarar ta sanyaya yatsan, ta kashe ƙarar wayar ta bar ta a girgiza, ta ɗaure ta da bandeji a bayan ƙafarsa. Ta danna lambarsa a tata, ta ajiye a tebur, ta sa safar hannu. Nan take ƙafar ta ɗauki rawa.

Maiwada ya kafa wa bango ido. Girgizar ta tsaya, ta sake tasowa, ta tsaya, ta sake tasowa, kamar mai buga ƙofa da naci. Ransa ya sosu. Rabon da wayar nan ta motsa har ya manta, yau ga ta tana ta rawa saboda yatsa.

Allura ta shiga ta fita bai ji ba. Wayar ta yi shiru.

"Allah shi yi miki albarka, 'yata," in ji shi. "Amma kin iya nacin kira."

Yakura ta cire safar, ta ɗauki wayarta, ta tsaya tana kallonta.

"Baba, layina ba shi da rezo, sabis ya ɗauke," ta ce a hankali. "Kirana bai ma shiga ba, wani ne ya yi ta kiranka."