Manomin da Ya Kayar da Ƙudurin Fim

Talabijin ɗin ɗakin da aka tura waɗanda suka rasa kujera ya ƙi kamawa. Murya kawai ke fitowa daga lasifika. Jihar da ke neman zama cibiyar fim, ga shi ta kasa kunna talabijin ɗaya a majalisarta.

Darlene Petrak ta jingina da bango tana haki, takardar jawabinta a hannu. Da ta zo da wuri, da yanzu tana babban zaure a gaban kwamiti.

"Sai yanzu?" in ji Otis, mai haɗa fitilu, abokin aikinta na shekara goma sha biyu. "An kira sunanki sau biyu, an soke. Yau ɗin ce kika ga damar yin barci?"

"Barcin me? Aiki na samu, na farko cikin wata bakwai. Wani mai mota da lambar jihar maƙwabta ya kira ni otal tun asuba, wai talla za su ɗauka. Awa uku ina fama da kwalliyar fuskar wani saurayi, ko uffan bai ce ba."

"Ke da kike liƙe wa mutane baki da gam, ta ina zai yi magana?"

Ba ta yi dariya ba. Ƙudurin da ke gaban kwamitin ba shi da wuyar ganewa: duk kamfanin da ya gina wurin ɗaukar fim a jihar, ya ɗauki 'yan gida aiki, a rage masa haraji. Akwai kamfanin da ke jiran a sa hannu ya mayar da tsohuwar masana'antar taya ɗakunan ɗaukar fim. In ƙudurin ya faɗi, kamfanin ya tattara ya koma jihar maƙwabta, wadda dama ta shekara tana zawarcinsa.

Can ɗin Darlene ke zuwa yi wa 'yan fim kwalliya, wata tara a kowace shekara, har ranar da ɓarin jikin mahaifinta ya shanye. Tun daga nan ba ta iya barinsa. In babu aiki a gida, sai dai ta kai shi gidan kula da tsofaffi ta kama hanya. Shi kuwa abu ɗaya ya taɓa roƙonta, ta bar shi ya ƙarasa a ɗakinsa.

Duk wannan yana cikin takardar da ba wanda zai ji. Har ta rubuta cewa ta iya ƙirƙirar tabo, ta iya mayar da ɗan shekara talatin kakan wani, amma ta kasa ƙirƙirar aikin yini ɗaya a garin da aka haife ta.

Wannan ce shekara ta uku da ake kawo ƙudurin. Sanatoci huɗu na so, huɗu ba sa so, ta tara, Sanata Amsel, ta ƙi nuna inda ta dosa. Wani kafinta ya yi magana, wani direba ya yi, mai dafa wa ma'aikata abinci ta yi. Kowa minti biyu, shugaban kwamiti ya katse shi da ƙararrawa a tsakiyar zance kamar ɗan makaranta.

Sai aka kira mai jawabi na ƙarshe, Harlan Doss, manomi ɗan shekara saba'in da huɗu.

Muryarsa tana rawa. Ya ce gadar da ke kusa da gonarsa shekara huɗu ke nan da karyewa. Ranar da matarsa ta faɗi a kicin, sai da motar asibiti ta yi zagayen mil ashirin, ta iso ta tarar an gama.

"Ku dubi hannuwan nan," in ji shi. "Shekara hamsin suna biyan haraji. Ban taɓa cewa a rage mini ba. Gada kawai na roƙa."

Minti shida ya yi, ƙararrawa ba ta ko motsa ba. Haushi ya cika Darlene, amma sai ga ƙwalla a idonta, don tarin da tsohon ke yi irin na mahaifinta ne.

Aka kaɗa ƙuri'a. Sanata Amsel ta ce a'a. Biyar da huɗu.

Otis ya yi ƙwallo da kujera. "Shekara uku muna safa da marwa, tsoho ɗaya ya share mu da minti shida! To, ki fara haɗa wa babanki kaya."

Darlene ta ninke takardarta. Ba za ta iya tsanar mutumin ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Amma tana so ya sani cewa ita ma akwai tsoho a gidanta. Ta kutsa cikin jama'ar da ke baranda. 'Yan jarida sun yi wa manomin zobe, shi kuma ya dusar da kai ƙarƙashin hular kaba, yana neman ƙofa.

Ta miƙa hannu ta tsakanin mutane ta kamo nasa. "Baba, ka yi haƙuri da rashin da ka yi. Minti ɗaya kawai nake so."

Ya fizge hannun da ƙarfin da ya ba ta mamaki. Ta dubi babban yatsanta, sai ta ga ɗigon baƙin tsufa ɗaya ya biyo shi, yana warin gam.

Ta ɗaga kai suka haɗa ido. Babu layin tsufa ko ɗaya a fuskar nan da ba ita ta zana shi da hannunta ba, yau da asuba, a otal.