Tsohon Hannu da Sabbin Jini

Kana tambaya ko daidai ne a ajiye tsofaffin hannu a kai sabbin jini gasar kokawa. Bari in ba ka misali, sai ka auna da kanka.

An yi wani ɗan kokawa da ya daɗe yana wakiltar ƙasarsa a kokawar zamani, wadda ake yi a kan katifa. Shekaru sun fara hawansa, gwiwar hagu ta fara yi masa ƙorafi, amma buri ɗaya ya rage masa: ya taka babbar gasa ta duniya ko da sau ɗaya ne. Ba a zuwa can sai ƙasa ta samu gurbi a gasar share fage, ita kuwa zagaye biyu ake yi, ƙasar da ta rasa a na farko tana iya sake gwadawa a na biyu. Ana nan sai shugabanni suka ce bana sabbin jini za a kai. Suka bi ƙauyuka bayan kaka, suka tsinto samari daga fagen kokawar gargajiya. Hujjarsu ba ta banza ba ce: yaran suna da numfashi, ba su san sunan kowa ba balle su ji tsoronsa, kuma ko sun faɗi yau, gobe tasu ce. A ajin nauyinsa aka kawo wani ɗan manomi mai wuya kamar turmi, aka ce da tsohon hannu ya zauna ya zama abokin atisayensa.

Ya ce to da baki, amma ta ciki na ciki. Ranar da aka miƙa wa saurayin riga mai sunan ƙasa, ko abinci bai ci ba. Yabon da koci ke yi wa yaron ciwo yake masa, dariyar yaron ma ciwo take masa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ladabinsa, don kullum sai ya durƙusa ya ce, “Baba, ina kwana?” Baba! Shi da ko furfura bai fara ba. Ƙyashi ya cika shi har ya fara neman inda yaron ke da rauni, bai kuwa sha wahalar samu ba.

A kokawar gargajiya, da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kaye, sai ka saki mutum ka juya wajen makaɗa. A ta katifa kuwa gwiwa a ƙasa somin-taɓi ne, sai an danne kafaɗu biyu ake cewa an gama. Koci ya faɗa wa samarin, sun ce sun ji. To amma abin da jiki ya saba tun ana yara a bakin gona, jin kunne ba ya cire shi. Tsohon hannu ya fi kowa sanin haka, don shi ma daga fagen yashi ya fito, kuma bai warke ba sai da ya gamu da wani dattijo da ke raba shi da ƙasa duk lokacin da ya saki, har haƙarƙarinsa suka haddace darasin. Wannan maganin ne tsohon hannu ya hana wa yaron. Duk sanda saurayin ya kai masa gwiwa ƙasa, sai ya miƙe yana tafi, yana cewa an kayar da shi. Yaro ya saki, ya ɗaga hannuwa yana murna. Sauran samarin suna kallo, suka ce tunda gwani ma ya yarda kaye ne, ai kaye ne. Mutane har yabonsa suke yi, wai ga babba marar hassada. Shi kuwa lissafinsa guda ne: yaro ya sha ƙasa a zagayen farko, a dawo a roƙe shi ya je na biyu.

Ranar gasa yana zaune wurin mai shayi yana kallo a talabijin. Saurayin ya shiga kamar yunwa, ya tara maki, ya kai abokin karawarsa gwiwa biyu, sai ya saki, ya juya baya yana neman makaɗan da babu su. Wancan ya sure shi ta ƙugu ya shimfiɗa kafaɗunsa a katifa. Tsohon hannu ya ji wani sanyi a ransa, har ya ce a ƙara masa madara. Sai saurayi na biyu a tawagar ya shiga ya yi irin ta na farko, na uku ma haka. Kafin la’asar duk tawagar ta zube, ’yan kallo na can suna riƙe ciki don dariya. A nan shayin ya fita ransa.

Shugabanni suka ji kunya, suka ce ba za su sake kai kowa a yi musu dariya ba, babu zuwa zagaye na biyu. Aka naɗe katifu, aka sa wa ɗakin atisaye kwaɗo. Da saurayin ya dawo, bai zarce ƙauye ba sai da ya biya gidan tsohon hannu. Ya durƙusa kamar kullum, ya ce, “Baba, ni na ba ka kunya, amma yanzu jikina ya gane. Ka daure ka ci gaba da koya mini, ai gasa ta gaba kamar gobe ce.” Tsohon hannu ya dafa gwiwarsa ta hagu. A wurin yaron kamar gobe ce. Shi kuwa ya san wannan gwiwa ba za ta kai shi ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.